Mutunci Madara Ne

Akwai wani labari na wasan shaɗaranji, watau darar Turawa, wanda na daɗe ina juya shi a zuciyata, har na ga ya kamata mu duba shi tare.

Hans Niemann Ba'amurke ne, an haife shi a 2003, ya sami muƙamin babban gwani a 2021. Cikin Satumba 2022, a wata gasa a birnin St. Louis, ya cinye Magnus Carlsen, mutumin Norwe, zakaran duniya na lokacin. Kashegari Carlsen ya janye daga gasar, daga baya ya fito fili ya zarge shi da maguɗi. Maguɗi a wannan wasa kuwa shi ne mutum ya saci shawarar kwamfuta, domin ta fi kowane ɗan Adam iya lissafinsa.

Niemann ya amsa cewa ya taɓa yin haka a wasannin intanet yana ɗan shekara 12, da kuma yana 16, amma bai taɓa yi a zaune gaba da gaba ba. Kamfanin Chess.com ya fitar da rahoto mai shafi 72, ya ce da alama ya yi maguɗi a wasa fiye da 100 a intanet, amma bai sami hujja kan wasan St. Louis ba. Niemann ya kai ƙara yana neman diyyar dala miliyan 100. Kotu ta kori ƙarar, sa'an nan aka yi sulhu a Agusta 2023. Cikin Disamba hukumar FIDE ta ci Carlsen tarar yuro 10,000 saboda janyewa ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, ranar da yaron nan ya yi nasara mafi girma a rayuwarsa, ranar ce aka ƙi gaskata shi. Ha'incin ƙuruciya ya biyo shi ya shafa wa guminsa baƙin jini. Mutunci madara ne, in ya zube wuyar kwasa gare shi.

Duk da haka ban yarda laifin jiya ya zama shaidar laifin yau ba. Mai tuhuma shi ke kawo hujja, ko da shi ne zakaran duniya, domin maganar babba zarar bunu ce. Matasa su kiyaye amana tun ba mai ganinsu, manya kuma su kiyaye harshe. Allah ya sa mu gane.