Neman Boris ɗin Tsohon Inji: Michigan da Ƙofar Ruwa

A jihar Michigan ta Amurka, idan dattijo ya rasu, magada kan buɗe gidan na 'yan kwanaki a yi gwanjon komai, daga cokali har gado. Idan ka leƙa gareji ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sau da yawa za ka tarar da injin huda ƙarfe na tsaye a jingine a kusurwa, zubin ƙarfe mai nauyin gaske, ƙirar shekarun 1940 ko 1950. Da yawansu suna ɗauke da tambarin Craftsman, wanda kantunan Sears ke sayarwa a da, amma ainihin maƙerinsu kamfanin King-Seeley ne na garin Ann Arbor, kuma ana gane hakan idan lambar da ke jikin farantin injin ta fara da 103. Da araha ake sakinsu, don ba wanda ke son wahalar ɗauka. Jikinsu garau, ciwonsu ɗaya ne: boris. Giris ɗin da aka cusa shekara saba'in da suka wuce ya bushe ya zama dutse, inji na gurnani, kai na ɗaukar zafi, bakin huji na rawa, ramin da ya kamata ya fito da'ira sai ya fito a karkace.

Irin wannan inji boris huɗu gare shi. Biyu na sama a cikin fulin da bel ke ja, biyu kuma na riƙe da shaf, wato sandar da ke juya bakin huji, a cikin bututun da ke sauka da hawa idan ka ja hannu.

Da a Kano ne, an san abin yi. Ka ciro mataccen, ka jefa a leda, ka hau ɗan sahu zuwa Ƙofar Ruwa. Idan a Kaduna kake, Panteka. Mai shago zai karɓa, ya juya shi a tafin hannu, ya zura yatsa a ramin, ya ce, "Maigida, ai 6203 ne wannan. Na Japan kake so ko na Chaina?" Bai duba littafi ba, bai ɗauko ma'auni ba, kuma galibi daidai ya faɗa. Idan babu a wajensa ba zai bari ka wuce ba: "Kai yaro, ruga wajen Alhaji ka karɓo guda biyu." Kafin ka gama shan ruwan da aka miƙo maka kaya sun iso, a yi ciniki, kafin la'asar inji ya koma bakin aiki.

Nan Michigan babu wannan mutum. Manyan kantunan kayan gini suna da fenti da ƙusa har ka gaji da kallo, amma yaron da ke tsaye a layin bai taɓa riƙe boris ba. Akwai dillalan da ke kai wa masana'antu kaya, akwai masu sayarwa ta intanet, dukkansu kuma tambaya ɗaya suke yi: mece ce lambar? Idan tsatsa ta cinye lambar, sai ka nemi kalifa ka auna abu uku da kanka: faɗin ramin ciki, faɗin waje, da kauri.

Lambar kuwa magana ce a dunƙule. A 6203, shidan farko na nufin boris mai ƙwallaye layi ɗaya, biyun na nuna ajin ƙarfinsa, 03 kuma ramin ciki ne. Ƙa'idar ita ce 00 milimita 10, 01 milimita 12, 02 milimita 15, 03 milimita 17. Daga 04 zuwa sama sai ka ninka da biyar, shi ya sa 6204 ke da rami 20, 6205 ke da 25. Haruffan ƙarshe na murfi ne: ZZ murfin ƙarfe gefe biyu, 2RS murfin roba. Saboda wannan tsari ne 6203 na SKF, kamfanin Siwidin da aka kafa a 1907, yake daidai da na NSK ko Nachi na Japan: 17, 40, 12. Mai shagon Ƙofar Ruwa duk ya san wannan, a yatsunsa ilimin yake. Ba'amurke mai gareji a takarda ya karanta.

Inda tsohon injin Amurka ke ɗana tarko shi ne inci. Boris biyun sama na waɗancan Craftsman 6205 ne, ko'ina akwai. Na ƙasa kuwa ta waje 6202 ne sak, faɗi 35, kauri 11, amma ramin cikinsa kashi biyar cikin takwas na inci ne, wato milimita 15.875, ba 15 ba. Ido ba zai raba su ba, yatsa ma da wuya. Ka sayo 6202 na yau da kullum, irin wanda ake samu a fankar silin, ya ƙi shiga ƙememe. Akwai kuma mai rami 16, wanda zai shiga amma ya yi sako-sako. Wasu injinan sun fi haka rigima. Kamfanin New Departure na garin Bristol a jihar Connecticut, reshen General Motors, ya yi boris masu zoben ciki da ya zarce na waje tsawo, masu lambobi irin su 87503 da 88503, kuma tuntuni ya daina aiki. Maƙerin injina Walker-Turner, wanda Rockwell ya saye a 1956, ya yi suna wajen amfani da boris da ba na kowa ba. Masu irin waɗannan injina sai su koma ga tsofaffin littattafan musaya, masu jera lambar mataccen kamfani kusa da ta mai rai, da kuma littafin injin na asali, wanda masu sha'awa suka ɗauki hotonsa shafi-shafi suka ajiye a intanet kyauta. Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya daga masana'antar mota, ya jira kusan wata guda kafin a aiko masa da nasa, bai ko damu ba.

A gida ba za a jira ba. Idan boris ya ƙi shiga, a kai shaf wajen mai tana ya rage masa kauri har ya shiga. Idan ya yi sako-sako, a ɗauko fonci a caccaka wa mazauninsa ƙananan tabo don ya kama, ko a yanko gwangwanin madara a naɗa, ko a yi walda a ƙara nama a sake ferewa. Su Amurkawa boris suke nema ya dace da inji; mu inji muke lanƙwasawa ya bi boris ɗin da ke kasuwa.

Ba na ganin laifin bakanikenmu, don dalilinsa a fili yake. Injin dattijon Michigan abin debe kewa ne na ranar Asabar. In ya tsaya wata guda, ba wanda zai kwana da yunwa. Injin mai walda a Kano shi ke huda ƙyauren da aka karɓi kafin alƙalaminsa jiya, mai ƙyaure na zuwa gobe da safe, ga yaran shago suna jiran kuɗin abinci. Sannan kuɗin aiki ya sha bamban. Nan ladan sa'a ɗaya a shagon tana ya kan haura kuɗin da aka sayi injin gaba ɗaya, dole mutum ya koyi yi da hannunsa ya kuma guji duk abin da zai kai shi can. A gida aikin hannu ne mai araha, kayan waje ne masu tsada, kowa sai ya bi ta inda aljihunsa ya fi sauƙi.

Duk da haka, a kan injin huji dai na fi yarda da Amurkawa. Injin markaɗe zai haƙura da gwangwanin madara, don ba wanda ke auna tattasai. Injin huji kuwa amfaninsa kacokan shi ne sandar ta juya a tsaye cak. Nan sukan ɗora agogon awo a jikin shaf su juya a hankali, suna lissafin rawarsa da kashi ɗaya cikin dubu na inci. Shaf ɗin da ya sha zafin walda ya kan lanƙwashe kaɗan, wanda aka caccaka da fonci ba ya zama a tsakiya, wanda aka fere kuma ya feru ke nan har abada. Boris abu ne da aka yi shi don ya mutu a sake; shaf ɗin 1950 ba mai ƙera shi yanzu.

Wajen sakawa ma akwai abin ɗauka, kuma ba ya cin ko kwabo. Su kan kwana da shaf a firiza don ya tsuke, su ɗan ɗumama boris a kan ƙwan lantarki don ya buɗe, sai ya zame ya zauna kusan ba duka. In za a buga, a sa guntun bututu a kan zoben da ake cusawa kaɗai. Guduma a zoben waje alhali na ciki ne ke shiga tana bi ta kan ƙwallaye ta lotsa hanyarsu, sabon boris ya fara kuka tun ranar farko, a zo ana zagin mai shago cewa jabu ya bayar.

Jabun ma akwai shi, ko'ina. A nan ne ma na fi ganin amfanin tsarinmu: wanda ya saya ta intanet kwali mai kyau kawai yake gani, har ta kai SKF ya fito da manhajar waya da ake tura hoton kaya don a tantance. Kai kuwa kana da Alhajin da za ka koma wa, wanda ya san gobe ma za ku haɗu a masallaci.

Yawancin injinan huji da ke shagunanmu ƙirar Chaina ne ko Taiwan, boris ɗinsu na milimita, don haka yatsan mai shago bai cika kuskure ba. Inda ake bukatar hattara shi ne tsofaffin injinan Ingila da suka rage a makarantun koyon sana'a da wasu tsofaffin ma'aikatu, waɗanda aka ƙera da awon inci. Idan ka goge boris ka ga Hoffmann ko R&M, kamfanonin da suka haɗu da Pollard a 1969 suka zama RHP, ko lamba mai farawa da LJ ko RLS, kada ka bari a kai shaf wajen tana tukuna. Har yau ana yin irinsu. Ka auna, ka rubuta lambar, ka ba mai shago ya tambayo Legas.