Motar kawuna da zaren da ya tsinke

 Ina so in ba ku labarin wata mota, da labarin gidan da ya ƙera ta, da kuma laifin da ni kaina na yi a cikinta.

Garinmu yana arewa da Tasawa. Tsakaninmu da kwalta babu komi sai rairayi da kwazazzabai. A shekarar 2016 kawuna ya saida shanunsa da waken da ya ɓoye, ya sayi tsohuwar Toyota Hilux, fara, mai buɗaɗɗen baya, mai shan gazuwal. Ta riga ta ci zamaninta a Turai kafin jirgin ruwa ya sauke ta a Kwatano. Ranar da ta shigo gari, yara sun bi ta da gudu har ƙofar gida, tsofaffi suka sa mata albarka.

Ita ce motar farko a garinmu. Ran kasuwa ta ɗauki hatsi, da wake, da tumaki, mutane kuma su hau bisa kaya. Kanta ake ɗauko amarya, kanta ake zuwa gaisuwar mutuwa.

Da damanar 2018 naƙuda ta kama matata da tsakar dare. Unguwarzoma ta duba, ta ce abin ya fi ƙarfinta, sai gidan likita. An yi ruwa tun la'asar, hanya duk ta cika. Direba ya ɗaura ƙafafun huɗu duka, muka shiga ruwa har ya kusa taɓa ƙofa. Motar tana nishi, tana jefa taɓo, amma ba ta tsaya ba. Kafin kiran assalatu muna Tasawa. Da hantsi aka ce mini na samu ɗiya mace. Tun daga ranar, in aka zagi motar nan, ji nake kamar an zagi wani nawa.

Ba mu kaɗai ke yabon wannan suna ba. Ku shiga tashar Maradi, ko ta Damagaram, ko ta Tawa, ku ƙirga Hiace nawa ke lodin mutane. Ku dubi motocin likita da na masu allurar dabbobi da ke shigo mana daji, yawancinsu Land Cruiser ne ko Hilux. A 1987 sojojin Cadi sun yaƙi sojojin Libiya bisa irin waɗannan motoci, har duniya ta sa wa wannan faɗa suna yaƙin Toyota. Direbobi suna sonta don abu uku. Tana jure rairayi da zafi. Kayan gyaranta suna nan a kowace babbar kasuwa. Kuma duk garejin da ka shiga, ka samu wanda ya san cikinta.

To, yabo in ya yi yawa, ya kan zama guba. A garinmu har magana ta fito, ana cewa Toyota ba ta mutuwa. Kawuna ya gaskata. Lokacin juyen mai ya yi, sai ya ce a bari bayan kasuwa. Bayan kasuwa, sai ya ce a bari bayan kaka. Kaya kuwa kullum ƙaruwa suke, har bayan motar ya kan kusa taɓa ƙasa.

Wata rana da bazarar 2021 muka ɗauki hanyar kasuwa. Ina zaune gaba, tsakanin direba da kawuna. Muna cikin tafiya sai wata ƴar jar fitila ta kama gaban direba. Siffarta kamar butar shayi mai ɗigo. Na san ma'anarta, don na taɓa ganinta cikin takardar motar: mai ba ya isa cikin inji, a tsaya nan take. Direba ya gani, ya saci kallon kawuna. Kawuna ya ce: «Taka mu je, yaro. Wannan fitila ta saba wasa. In mun sauke kaya ma duba.»

Ni kuwa na yi shiru. Na ji nauyin in gyara wa babba magana gaban yaronsa. Kuma, gaskiya ɗaya ce, ina da buhun wake biyu a baya, ina so in riski kasuwa da sauran zafinta.

Ba mu yi kilomita goma ba sai inji ya soma ƙwanƙwasa kamar ana daka. Ya yi ƙara ɗaya, ya ɗauke. Shanu muka samo suka jawo ta gida. Makaniki ya zo daga Tasawa, ya buɗe, ya girgiza kai. Ya ce: «Alhaji, ba motar ce ta ci amanarka ba. Wata ƴar roba ce ta tsage, mai yana zuba tun kwanaki. Da kun tsaya, abin jikka biyar ne. Yanzu sai an sake inji.»

Wata bakwai motar tana kwance ƙarƙashin bedi, kaji suna ƙwai cikinta. Cikin watannin nan ne, da damana, naƙuda ta kama matar maƙwabcina, irin wadda ta kama matata. Amalanken shanu aka ɗaura. Sun kwana bisa hanya. Allah ya tashi kafaɗun uwar, amma jaririn bai zo da rai ba. Na san rai na Allah ne, mota ba ta hana ajali. Duk da haka, in na tuna jar fitilar nan da shirun da na yi, barci ya kan ƙaurace mini.

Wannan ne ya sa na so in san su wane ne suka ƙera motar, da yadda suka samu sunan da ya ruɗe mu. Ƙanena da ke karatu a Yamai ya taya ni bincike. Abin da na gano ya ba ni mamaki. Ashe asalin gidan ba maƙera ba ne, masaƙa ne.

Wanda ya kafa gidan sunansa Sakichi Toyoda. An haife shi a 1867 a wani ƙauyen Japan. Ubansa kafinta ne kuma manomi, uwarsa tana saƙa da hannu. Ya ga wahalar da take sha, ya sa kansa gyaran masaƙa. Ya yi ta katako, ya yi mai aiki da inji. A 1924 ya kammala wata masaƙa wadda ke sake ƙoshiya da kanta ba tare da ta tsaya ba. Amma in zare ɗaya tak ya tsinke, sai ta tsaya cik, har mutum ya zo ya ɗaura. Duk wanda ya taɓa zama kusa da masaƙi ya san dalili. Zare ɗaya in ya tsinke aka ci gaba, aibin zai bi ƙyallen tun daga nan har ƙarshe.

A 1929 wani kamfanin Ingila mai suna Platt Brothers ya sayi izinin ƙera irin wannan masaƙa. Sakichi ya rasu a 1930. Ɗansa Kiichiro ya ga motoci a Amurka da Turai, ya ce su ma za su iya. A 1933 ya buɗe sashen mota cikin gidan masaƙa. A 1937 sashen ya zama kamfani mai cin gashin kansa. Sunan zuriyarsu, Toyoda, ma'anarsa gonar shinkafa mai albarka. Suka maida shi Toyota, don a rubutunsu zane takwas ne, takwas kuwa lambar sa'a ce gare su.

Kada ku zaci sun fara da sa'a. Motar kayansu ta farko, ta 1935, lalacewa take yi bisa hanya ba ƙaƙƙautawa. Sai dai duk inda ta mutu, mutanen kamfanin su kan ruga can, su gyara, su ɗauko ƙarfen da ya karye, su bincika dalili, su sake ƙera shi. A 1950 kuɗi suka ƙare, ma'aikata suka yi yajin aiki, fiye da 1,500 suka rasa aikinsu, Kiichiro kansa ya sauka daga shugabanci. Yaƙin Koriya da ya ɓarke a wannan shekara ne ya cece su, don sojan Amurka sun sayi motocin kaya masu yawa a wurinsu.

A 1951 suka ƙera motar daji wadda aka sa wa suna Land Cruiser a 1954. A 1957 suka kai wata ƙaramar mota mai suna Crown Amurka. Can ta ba su kunya: ba ta da ƙarfin gudun manyan hanyoyin ƙasar, injinta yana zafi. A 1960 suka dakatar da kai ta, suka koma gida suka sake shiri. Bayan haka ne aka samu Corolla a 1966, da Hiace a 1967, da Hilux a 1968. Zuwa 2021 an saida Corolla fiye da miliyan 50. A 2023 kaɗai kamfanin ya saida mota fiye da miliyan 10.

Ga abin da ya fi taɓa mini zuciya. Dabarar masaƙar nan suka ɗauka suka kai inda ake haɗa mota. Sun rataya igiya bisa kan ma'aikata. Duk wanda ya ga aibi, ko jiya aka ɗauke shi aiki, yana da ikon ya ja igiyar. Shugabansa ya zo da sauri ya duba. In abin bai gyaru nan take ba, sai aikin ya tsaya. Ba a yi wa wanda ya ja igiya faɗa. Kuma in abu ya ɓaci, su kan tambayi dalili har sau biyar, daga dalili zuwa dalilin dalili, sai sun kai ga saiwa.

Su ma da suka saki wannan hanya, sun ji a jikinsu. A 2009 da 2010 sai da suka kira motoci miliyoyi su dawo gyara, don abin taka wuta yana maƙalewa a wasunsu, har an yi asarar rayuka a Amurka. Shugaban kamfanin na lokacin, Akio Toyoda, jikan Kiichiro, ya tsaya gaban majalisar Amurka a 2010 ya nemi gafara, ya amsa cewa sun yi gaggawar girma. A 2014 suka biya tarar dalar Amurka miliyan 1,200 don ba su faɗi gaskiyar aibin da wuri ba. Sauri ya haifi nawa.

Da na ji wannan duka, sai na gane wautarmu. Sunan motar daga tsayawa aka samo shi, tsayawa ga ƙaramin aibi tun bai girma ba. Jar fitilar nan jikanyar waccan masaƙa ce. Zare ya tsinke, ta faɗa mana. Mu uku muka gani, ba wanda ya ja igiya. Direba ya ji tsoron maigida. Maigida ya dogara ga suna. Ni da na iya karatu, na ji kunya da kwaɗayin kasuwa.

Bayan kaka, mutanen gari suka yi karo-karo, kawuna ya saida bijimi biyu, aka sa wa motar wani inji. Kafin ta tashi na je na durƙusa gabansa. Na ce: «Kawu, ka gafarce ni. Ran nan na san abin da fitilar ke nufi, na yi shiru.» Ya daɗe bai ce komi ba. Can ya ce: «Malam, da ka faɗa ma, da wuya in ji. Amma daga yau ka faɗa.»

Yanzu akwai ɗan littafi cikin motar. Yaron mota, wanda ya koyi rubutu wurinmu, shi ke rubuta ranar juyen mai da lambar kilomita. Kowace safiya a duba mai da ruwa, a leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigo. Ran kasuwa a kakkaɓe matatar iska, don ƙurarmu ba irin ta Turai ba ce. Buhu in ya wuce ƙa'ida, ya jira sawu na biyu. Kuma an yi doka: in jar fitila ta kama, ko yaro ne ya gani, a tsaya.

Ƴan'uwa, wanda zai sayi tsohuwar mota, shi kaɗai ko ƙungiya, kada suna ya ishe shi. Ya tafi da makanikin da ya yarda da shi, kuma ya ware kuɗin gyara tun ranar saye. Ku da kuke hawa baya bisa buhuna, ku ma kuna da baki. In kun ji ƙara ko warin da ba ku saba ji ba, ku buga rufin mota ku faɗa, cikin ladabi, ko gaban wane ne. Gara a rasa kasuwa ɗaya da a kwana bisa amalanke da mai naƙuda.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu damana mai albarka. Amin.