Sassarfar asuba a bakin kanal

Ƴan uwana mata, yau ba maganar zubi ko riba na kawo ba. Maganar gudu ce, gudu da ƙafa, irin wanda muke ganin sojoji da samari ƴan ƙwallo suna yi da sassafe a kan kwalta. Mu shida ne daga ƙungiyarmu a nan Birnin Ƙonni muke fita, sau huɗu a mako, tun ƙarshen damina. Na san wata za ta ce, "Ke, da girmanki?" Ku bari in faɗi abin da ya kai mu.

Akwatin ƙungiya ne ya tona mana asiri. Ranar da muka zauna duba asusun taimako, sai muka ga yawancin kuɗin da ke fita ba na haihuwa ba ne, ba na gobara ba. Na maganin hawan jini ne da ciwon suga. Kuma masu karɓa su ne waɗanda sana'arsu ta fi kankama: mai shagon atamfa, mai sarin albasar Galmi, mai tuyar ƙosai da ke wuni bisa kujera ƴar tsugunne. Da can mace na daka, ta ja guga, ta tafi itace. Yanzu, alhamdu lillahi, akwai injin niƙa, akwai famfo a unguwa, kasuwa ma sai a kan kabu-kabu. Adashi ya ɗauke mana wahala, ba mai musu, amma jikin da ya saba aiki ya koma zama, ga maggi, ga gishiri, ga shayi mai zaƙi.

Ma'aikaciyar jinya da ta auna mu ta ce idan awo ya kai 140 bisa 90, aka sake ranar daban aka samu haka, to hawan jini ne, ko da kai ba ya ciwo. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, gishiri kuma kada ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Muka lissafa: minti 40 sau huɗu ya wuce ma. Ba ko dala a ciki.

Hanyarmu ita ce ta bakin kanal ɗin da ke shayar da gonakin rani, ruwan da ake tarewa a barajin Mozage da na Zango. Bayan sallar asuba, da gari ya ɗan waye, mukan haɗu ƙofar gidan uwar ƙungiya. Inda muke bi akwai bedi jere, akwai gawo jefi-jefi cikin gonaki, shi da ke yin ganye da rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Ƙasar wurin ta fi kwalta sauƙi ga gwiwa, kuma ba hayaƙin manyan motoci. Da sanyin hunturu ƙamshin albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasa ke tarbar mutum. Ni da na shekara fiye da ashirin a garin nan, ban taɓa sanin haka asuba take a bayan gari ba, kullum tana iske ni gaban murhu.

Kada ku ɗauka tsere muke. Makonnin farko tafiya ce kawai mai ɗan sauri. Daga baya muka shiga sassarfa daga wannan bedi zuwa na biyar, sai mu koma tafiya har numfashi ya dawo. Ma'auninmu shi ne hira: in ba ki iya amsa wa ta kusa da ke ba, kin yi sauri da yawa. Hira kuwa ba ta yanke mana, har bashin wata muka sasanta a hanyar nan. Wando muke sawa ƙarƙashin zane, da hijabi marar nauyi, da takalmin kambas na gwanjo. Silifa kam tana kayar da mutum.

Abin da ya fi hawan tudu wuya shi ne bakin mutane. Ranar farko wani tsoho mai ban-ruwa ya ɗaga kai ya ce, "Lahiya, Hajiya? Mi ya koro ku?" Yara suka biyo mu da dariya. Wata a cikinmu mai gidanta ya hana, ya ce matar aure ba ta gudu a gaban maza. Ba mu yi gardama ba. Uwar ƙungiya ta je ta gaishe shi da takardar awon matar a hannu, ta faɗa mishi kuɗin maganin wata guda. Ya yarda da sharaɗin a dawo kafin rana ta fito sosai. A ganina kunyar da za ta bar mace ta shanye ɓarin jiki tana zaune, ba ita addini da al'ada suka nema gare mu ba. Tsohon nan kuma yanzu shi ke ce muna, "Yau kun makara."

Ƙanwata da ke aure wajen Badagishiri, cikin Illela, ta yi dariya da na ba ta labari. Ta ce su hawan fako zuwa gonakin tassa ya ishe su gudu, kuma gaskiyarta. Wadda har yanzu take tafiyar itace da rijiya ba da ita nake ba. Da mu nake, na Ƙonni da Malbaza da Galmi, da muka samu ɗan jari muka zauna.

Wadda za ta fara, ta je asibiti a auna ta tukuna, musamman mai ciki, da mai ciwon ƙirji ko gwiwa. Mai shan magani kada ta bari don ta fara gudu. Kada mace ta fita ita ɗaya, kada a fita cikin duhu, kada a yi nisa da gonakin da ke da mutane, kun dai san halin da ake ciki. A watan Afrilu da Mayu, idan zafi ya tsananta, tafiya kawai za mu yi, da gorar ruwa a hannu. Mun kuma sa wa kanmu tara kamar ta zubi: wadda ta yi fashi ba uzuri, dala biyar cikin akwati. Ya zuwa yanzu mai riƙon makulli ce ta fi kowa biya.