Gidan abincin da ake yaƙi a tsakar sa

DUK wanda ya kalli fim ɗin The Cable Guy na 1996 ba zai manta da wurin da Jim Carrey ya ja Matthew Broderick cikin fili su ka gwabza da takubba ba. To, mai karatu, ba don fim aka gina wurin ba. Gidan abinci ne na gaske mai suna Medieval Times, a garin Buena Park na jihar Kalifoniya a Amurka. An buɗe shi a 1986, shekara uku bayan na farko da ke Kissimmee a Fulorida.

Can ne wani magidanci ɗan Kano mazaunin Amurka ya kai matar sa da 'ya'yan su biyu ran wata Asabar. Ginin kamar fadar sarakunan Turai na dauri. Tun daga ƙofa aka ɗora wa kowa hular sarauta ta takarda, tasu ja ce. Barade shida ne za su fafata, kowanne da launin sa, kuma launin hular ka shi ne gwanin ka.

Aka zauna a kewaye da fili mai rairayi. Ga miyar tumatir, ga burodi, ga ɓarin kaza gasasshe da masara da dankali, amma babu cokali! Turawa na ta kame-kame, uwargida kuwa ta naɗe hannun riga ta ce, "Maigida, yau an zo gidan mu." Mai shakkar yankan wurin ya na iya neman abincin da ba nama.

Sai aka rage fitilu. Dawakan Andalus su ka fito su na rangaji, aka saki shaho ya yi shawagi bisa kan jama'a. Maigida ya ce ya tuna Hawan Daushe, sai dai a nan barade kan juna su ke sukuwa. Mashi ya daki garkuwa ya tarwatse, takubba na fidda tartsatsi. Kai, abin sai wanda ya gani!

Da aka kayar da jan barade, ƙaramin yaron ya fashe da kuka: "Baba, sun kashe shi!" Uban ya ce, "Yi shiru, wasa ne, kamar fim."

Wasa ne kam, don tun kafin a fara an tsara wanda zai ci. Amma nan babu darakta mai cewa a tsaya a sake, babu dabarar kyamara, babu edita. Faɗowa daga kan doki faɗowa ce ta gaske. Yawancin baraden daga yaran doki su ke farawa, su daɗe su na atisaye kafin a ba su mashi. Kuma su na jin jiki: a 2023 'yan wasan Buena Park sun yi yajin aiki na kusan wata tara kan albashi da kare lafiyar su.

Furodusoshin mu masu sha'awar fim ɗin tarihi, dawaki da sulke da lifidi duk mu na da su. Atisayen ne ba a son biya. Ranar da aka ba 'yan wasa wata guda su koyi faɗa kafin a fita lokeshin, 'yan kallo za su daina dariya a wurin da ya kamata gaban su ya faɗi.