Gashin da Ake Barowa a Tirumala

Abin da ido ke fara kamawa a garin Tirupati, a jihar Andhra Pradesh ta kudancin Indiya, shi ne kawunan mutane. A tashar jirgin ƙasa da ta mota, sai ka ga iyali guda, uba da uwa da kaka har da ɗan goye, duk an yi musu aski ƙwal-kwabo, wasu an shafe musu kai da kwaɓin itacen sandal don fata ta yi sanyi. Ba mai waiwayensu. Kowa ya san daga Tirumala suka sauko, inda ɗakin bautar Venkateswara yake bisa duwatsu bakwai, wurin da dubun-dubatar mabiya addinin Hindu ke ziyarta kowace rana.

Wasu mota ke kai su sama. Wasu kuwa da ƙafa suke hawa ta hanyar Alipiri, matakala sama da 3,500, da yawansu ba takalmi, suna tafe suna kiran Venkateswara da sunan "Govinda". Kafin su shiga layin ganin abin bautarsu, sai su biya ta wani babban gini da ake kira Kalyanakatta. Nan ɗaruruwan wanzamai, maza da mata, ke aiki dare da rana. Mai ziyara zai karɓi 'yar takarda da sabuwar reza, ya zauna a ƙasa gaban wanzami, ya sunkuyar da kai. A jiƙa gashin, a bi shi da aska, cikin 'yan mintoci an gama. Ba a karɓar ko sisi.

Askin namiji bai dame ni ba, ko mu nan mun san alhaji na aske kansa a Mina. Na matan ne ya tsaya mini a rai. Macen kudancin Indiya takan yi shekaru tana kiwon gashinta da man kwakwa, tana tufke shi, tana saƙala masa furanni, har ya sauko mata gadon baya. Sai rana ɗaya ta miƙa shi dukkansa, domin ta yi bakance: in ɗanta ya tashi daga ciwo, in ta samu haihuwa, in 'yarta ta yi aure, za ta hau dutsen ta bayar. Talaka ce sau da yawa, ba ta da zinariyar da za ta jefa a asusun ɗakin bautar kamar yadda attajirai ke yi, sai ta ba da abin da ta fi ji da shi. Ba sai mutum ya yarda da abin da take bauta wa ba kafin ya gane cewa wannan kyauta ce mai nauyi. A wurin masu ziyarar askin na nufin sauke girman kai, kuma suna da labarin wata mai suna Nila Devi da ta yanki gashinta ta rufe wa Venkateswara tabon da ya samu a ka.

To, ina gashin ke zuwa? Ba shara ake kai shi ba. Hukumar da ke kula da wurin, Tirumala Tirupati Devasthanams, wadda ke aiki tun 1933, ita ke tara shi, a ware dogo daban, gajere daban, furfura daban, sannan a yi gwanjonsa ta intanet. Dogon gashin mata shi ne mai tsada, saboda akan ɗaure shi kafin a aske, bai hargitse ba, kuma yawanci bai taɓa ganin rini ko man miƙar da gashi ba. Daga nan sai masana'antu, irin waɗanda ke Chennai, su wanke su tsefe, a ɗinka hular gashi, a tura Turai da Amurka da Afirka. Kuɗin na shiga baitulmalin hukumar, wadda ke ciyar da masu ziyara kyauta, tana kuma riƙe da asibitoci da makarantu. Ko ba komai, wani abu na komawa ga irin mutanen da suka bayar.

A kasuwar Balogun ta Legas ko Sabon Gari ta Kano, za ka ji mai shago na rantsuwa cewa nasa gashin Indiya ne na asali. Malamanmu dai sun hana ƙarin gashi, amma kasuwarsa na ci. Sai dai mai saye ta sani, kaɗan ne daga cikinsa ya fito daga wuraren bauta irin su Tirumala ko Palani ta jihar Tamil Nadu. Mafi yawa tsintar wanda ya zube a mataji ne, wanda masu yawo gida-gida ke karɓa a hannun matan ƙauye, su ba su 'yan kwanuka ko canji kaɗan. Wasu matan kuma su wuni suna warware shi sili-sili, kuma su ne suka fi kowa ƙarancin samu a duk wannan ciniki.