Makwancin Jariri: Abin da Shekaru Suka Koya wa Dattawa

Makwancin jariri shi ne wurin da sabon haihuwa yake shafe mafi yawan lokacinsa, domin a watannin farko yakan yi barcin awa 14 zuwa 17 a kowace rana. A tsofaffin unguwannin Bauchi irin Ƙofar Dumi, wadda ta samo sunanta daga ɗaya cikin ƙofofin ganuwar birnin da Sarki Yakubu ya kafa a farkon ƙarni na 19, al'adar da aka gada ita ce mai jego ta kwana da jaririnta a shimfiɗa ɗaya, wata dattijuwa tana kula da su har a yi arba'in. Dattawan da suka raini 'ya'ya da jikoki a ƙarƙashin wannan al'ada sun ga alherinta, sun kuma ga inda take cutarwa.

Alherinta a bayyane yake. Jaririn da ke kusa da uwarsa yana samun nono da zarar ya nema, kuma uwa tana saurin jin canjin numfashinsa ko zafin jikinsa. Cutarwar kuwa tana zuwa ne ta hanyar gajiya. Mai jegon da ta kwana uku ba ta runtsa ba, idan barci ya ɗauke ta, ba ta san inda hannunta ko zaninta ya faɗa ba. Tsofaffin ungozomomi sun san labarin jaririn da aka danne cikin dare, da wanda ya zame tsakanin katifa da bango, da wanda yayansa ya mirgino kansa. Akan yi haƙuri a ce ƙaddara ce, amma yarda da ƙaddara ba ta hana ɗaukar sababi ba. Darasin da aka tsinta shi ne jariri ya kwana inda hannun uwa zai kai gare shi, amma a shimfiɗar kansa. Ƙaramin gadon gefe da ake jinginawa da gadon uwa an yi shi ne domin biyan wannan buƙata.

Binciken likitoci ya zo daidai da wannan fahimta. A 1992 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kwantar da jarirai rubda ciki, kuma bayan gangamin wayar da kai da aka fara a 1994, mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu da kusan rabi a ƙasar. Irin wannan mutuwa ta fi faruwa tsakanin wata 2 zuwa 4, kuma mafi yawanta kafin wata 6. A shawarwarinta na 2022 ƙungiyar ta jaddada cewa jariri ya kwana a ɗaki ɗaya da iyayensa aƙalla wata 6, a rigingine, kan shimfiɗa mai tauri wadda take a miƙe, babu komai a cikinta.

Kwanciyar rigingine ita ce ta fi tayar wa kakanni hankali, saboda tsoron kada tumbiɗi ya ƙware yaro. Halittar maƙogwaro ta amsa wannan tsoro: idan jariri yana rigingine, hanyar iska tana sama, hanyar abinci tana ƙasa, don haka abin da ya dawo yakan koma ciki. Idan yana kife ne ruwan ke taruwa a bakin hanyar iska. Masu gudun kada ƙeya ta baje kuma, maganin haka shi ne a riƙa kifa yaro na ɗan lokaci yana farke, ana kallonsa.

Wurin zaɓen gado, ko a kasuwar Wunti za a saya ko kafinta za a ba aiki, katifa ce abin dubawa na farko. Ta zama mai tauri, wadda idan aka danna da tafin hannu take dawowa nan take, domin soso mai laushi yana lotsawa ya rufe hanci. Ta cika gadon dam. Idan fiye da yatsu biyu suka shige tsakaninta da katako, ta yi ƙanƙanta. Kada ta karkata kamar kujera, domin kan jariri ya fi ƙarfin wuyansa, idan ya sunkuyo haɓa ta taɓa ƙirji sai numfashi ya toshe. Wannan ne ya sa a 2019 aka janye miliyoyin makwancin Rock 'n Play na kamfanin Fisher-Price daga kasuwa, bayan jarirai da dama sun rasu a cikinsa, sannan a 2022 Amurka ta yi doka ta haramta sayar da irin waɗannan makwantai masu karkata da kuma tufkar soso da ake zagaye gado da ita.

Na biyu shi ne tazarar sandunan gefe. Kada ta wuce santimita 6. Idan ta fi haka, jikin jariri yana iya zurarewa kansa ya maƙale. Mai ba kafinta ko mai walda aiki ya faɗi wannan awo da bakinsa, ya kuma auna da kansa ranar karɓa, domin mai sana'a yakan rage sanduna don tsimin katako ko ƙarfe. A shafa hannu ko'ina a ji ko akwai kan ƙusa ko sartse, a girgiza gadon a ga ko yana rawa. Gadon gwanjo da wanda aka aro a dangi suna buƙatar duba biyu: tsohon fenti mai ɓarewa yana iya ɗauke da gubar dalma, tsohuwar katifa kuma ta riga ta saki, ban da kuɗin cizo. Gadon da gefensa ke zugewa sama da ƙasa an hana sayar da shi a Amurka tun 2011.

Na uku shi ne mahaɗar gadon jariri da na uwa, kuma nan aka fi yin kuskure. Gadon amarya a ƙasar Hausa yakan yi tudu, ga katifa mai kauri, don haka sai an auna tsayinsa kafin a je saye. Idan gadon jariri irin mai buɗaɗɗen gefe ne, wajibi ne a ɗaure shi tamau da na uwa, kada a bar rata ko kaɗan, kuma kada filon uwa ko bargonta su malalo ciki. Inda aka kasa daidaita su, gara a bar gefe huɗu a rufe, a ajiye gadon dab da uwa. Matar da katifarta ke ƙasa ba ta buƙatar gado mai ƙafa. Ƙaramin makwanci mai gefe a kan tabarma ya wadatar.

Abin da ake sawa a cikin gado shi ya fi wuyar gyarawa, domin ƙauna ce ke kawo shi. Ranar suna akan tara kayan barka: katifa mai laushi da ɗan filo, barguna masu gashi, 'yar tsana. Duk suna da kyan gani, amma jaririn da bai iya ɗaga kai ba, ba zai iya ture abin da ya rufe masa fuska ba. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Zanen gado ɗaya da aka ɗame shi ne kaɗai abin da ya kamata ya kasance a ciki har yaro ya shekara.

Kowane yanayi na Bauchi da nasa haɗarin. Da hunturu, a watannin Disamba da Janairu, akan jibga wa jariri shawul da bargo, a shigo da kaskon gawayi, a rufe taga. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da wari ba, haka ma na janareta. Rigar sanyi daidai jiki ta fi bargo, kuma idan ƙirjin yaro ko bayan wuyansa na gumi, kaya sun yi yawa. Da bazara, lokacin da ake fita tsakar gida kwana, riga marar nauyi ta isa. Da damina kuwa gidan sauro mai magani ba abin sakaci ba ne, sai dai a ɗaure shi sama, a soke bakinsa sosai yadda ba zai faɗo kan fuska ba. Hayaƙin taba, da maganin sauro na ƙonawa, da turaren wuta mai yawa, duk a nisanta su da inda jariri ke barci.

Rashin kuɗi bai hana makwanci mai aminci ba. Tun 1938 ƙasar Finland take ba masu haihuwa kwali mai kayan jariri da 'yar katifa, kuma a cikin kwalin jarirai da yawa suka yi barcinsu na farko. Al'ummar Maori ta New Zealand tana saƙa kwando mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da ake kira wahakura domin wannan aiki. Kwando mai ƙwari, mai faɗi, wanda ƙasansa yake a daidai, ya fi gadon dubban nairori da aka cika da filo.

Akwai dararen da uwa za ta ɗauko jariri ta shayar a gadonta barci ya sace ta. Saboda haka ake so gadon nata ma ya zama babu tarin filo da bargo, babu wani yaro a kai, kuma da ta farka ta mayar da shi wurinsa. Haɗarin ya fi tsanani ga bakwaini da wanda aka haifa ba nauyi, da kuma idan uwa ta sha magani mai sa barci. Barci da jariri a kan kujerar kushin ya fi duka muni.

Gadon gefe yana aiki ne zuwa kimanin wata 6, ko lokacin da yaro ya fara zama ko dafa hannu ya ɗago, sai a mayar da shi gado mai zurfi. Kafin nan, nauyin yana kan maigida da ke biyan kuɗi da kakar da ke kula da jego: su auna, su gwada, su cire duk abin da ba dole ba, su kuma tambayi ma'aikatan asibiti tun lokacin awon ciki. Makwanci mai tauri, a miƙe, babu komai a ciki, kusa da uwa, shi ne mafi aminci ga jariri.