Labari Daga Ɗakin Yara

Mun daɗe ba mu rubuto ba, har waɗansu sun aiko suna tambaya ko lafiya. Lafiya lau, aiki ne ya sha kanmu. Domin waɗanda ba su san mu ba, mu miji da mata ne, dukanmu nas, muna aiki a ɗakin yara na wani asibiti a kan tudun Filato, ba nisa da Jos. Muna da 'ya'ya biyu, mace mai shekara 12 da namiji mai shekara 9. Labarin da za mu ba ku ya kama daga daminar 2024 zuwa farkon 2025.

Bari mu fara da gudu, gama shi ne abin da ya fi ba maƙwabtanmu dariya. A 2022 aka auna maigida, aka tarar jininsa ya hau. Likita ya ce ya rage gishiri, ya riƙa motsa jiki. Uwargida kuwa ta ce ba za ta bar shi ya fita shi kaɗai cikin duhu ba. Tun daga nan mukan fita sau uku a mako, da ƙarfe biyar da rabi na asuba. Mukan bi shingen ƙyarana, mu kewaye wani tsohon ramin kuza da ya zama tafki, inda masu noman rani suke ban ruwa, sa'an nan mu komo ta bayan makarantar firamare. Duka kilomita 5 ne.

Ran da muka fara, wani dattijo ya fito da sanda a hannu, ya ce, "Malam, lafiya? Me ya faru a asibiti?" Ba mu ga laifinsa ba. A ƙasar da ta sha ganin tashin hankali, in aka ga magidanci da matarsa suna gudu da asuba, ai dole a tuna ruwa ba ya tsami banza. Yanzu dai ya saba, sai ya ɗaga mana hannu ya ce, "Sannunku da wahala." Wani lokaci samari masu gudun gaske sukan wuce mu kamar muna tsaye. An san matasan Filato da gudun nesa, musamman na wajen Pankshin, waɗansunsu ma sukan je tseren kilomita 42 na Legas, wanda aka fara a 2016. Mu dai ba mu da niyyar zuwa Legas.

Jinin maigida ya sauka, mun gode Allah. Amma mun sami wata riba da likita bai faɗa ba. Sau da yawa ɗayanmu yana aikin dare, ɗaya yana na rana, sai mu haɗu a bakin ƙofa mu miƙa wa juna makulli. A kan hanyar tafkin nan ne kaɗai muke samun zarafin magana. A can muke shirya kuɗin makaranta, a can kuma muke yin faɗanmu, gama mai haki ba ya iya ɗaga murya.

Daminar 2024 ta yi mana nauyi ƙwarai. Gado 24 ke cikin ɗakinmu, amma daga Agusta zuwa Oktoba yara biyu ne a yawancin gadajen, iyaye mata kuma suna kwana a tabarma. Galibi zazzaɓin cizon sauro ne. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi kowane wata da damina. Ana bi gida gida, a ba yaro na ranar farko, a bar wa uwa na kwana biyu. Mun lura iyaye da yawa sukan manta da na kwana biyun nan, ko su ajiye wai sai yaro ya kamu. Don Allah a ba shi duka. In kuwa jikin yaro ya yi zafi, a kai shi a gwada jininsa ran nan. Waɗanda suke ba mu tsoro su ne waɗanda aka jira kwana huɗu ko biyar, aka kawo su suna jijjiga, tafin hannunsu fari fat, sai an nemi jini an ƙara musu.

Irin waɗannan yara allurar atesunet muke yi musu ta jijiya, ɗaya nan take, ɗaya bayan awa 12, ɗaya bayan awa 24. Nauyin yaro ne ke nuna yawan maganin. Wata asuba cikin Satumba, bayan dare shida a jere, maigida ya auna wani yaro mai kilo 8, ya rubuta 18 a kati. Har ya fara haɗa maganin. Wata ƙaramar nas da ba ta cika shekara da zuwa ba ta dubi katin, ta dubi yaron, ta ce a hankali, "Baba, ko za mu sake ɗora shi a sikeli?" Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ba ta kuwa faɗa wa kowa ba. Shi da kansa ya kai maganar wurin babbar sista. Shekara 17 yana wannan aiki, bai taɓa yin irin wannan kuskure ba. Da ya dawo gida ya zauna a bakin gado, takalmi a ƙafa, ya kasa barci.

Babbar sista ta buɗe littafi, ta nuna mana cewa sau biyu muna ɗaga hutunmu na shekara. Ta rubuta mana mako na farko na Janairu, ta ce ba roƙonmu take yi ba. Muka yi wa yara alkawarin zuwa Yankari.

Ana nan, cikin Disamba, wata tsohuwa ta kawo jikarta mai wata 20. Muka sa ta a gado na 7, kowa kuma ya riƙa kiranta 'yar kaka. Uwarta ta sami ciki tun tana goyo, sai aka yaye ta rana ɗaya, aka kai ta ƙauye wurin kaka, inda ba abin da take sha sai kunun masara. Ƙafafunta da fuskarta sun kumbura, gashinta ya yi ja, ko kuka ba ta da ƙarfin yi. Kakar ta ce da fari ta ɗauka ƙiba ce. Muka danna yatsa a bayan ƙafar, ramin ya zauna bai tashi ba. Muka zagaya mata tsinin awo a damtse, ya tsaya a kan ja, watau ƙasa da santimita 11.5. Tamowa ce mai tsanani.

Abin da yakan ba iyaye mamaki shi ne ba a cika wa irin wannan yaro ciki da abinci. Zuciyarsa da hantarsa sun raunana, abinci mai yawa farat ɗaya yana iya kashe shi. Wata madara ce mara ƙarfi, ana ce da ita F-75, ake ba shi kaɗan kaɗan, kowace awa biyu ko uku, dare da rana. Ga kuma sanyi. Tudunmu ya kai wajen mita 1,200 bisa teku, hunturun Disamba kuwa ba wasa ba ne, yaro mai tamowa ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi. Uwargida ta koya wa kakar ta riƙa kwantar da ita a ƙirji, fata da fata, su lulluɓa tare, a sa mata hula. Tsohuwar ta ce, "'Yata, na goyi tara, yau kuma za a koya mini goyo?" Amma ta yi.

Ranar Kirsimeti muna bakin aiki da safe. Abokan aikinmu Musulmi suka karɓe mu da rana, kamar yadda mu ma mukan riƙe musu ɗakin da Salla. Matan zumunta suka kawo shinkafa da nama, aka raba wa kowa ba tambaya. 'Yar kaka ba ta sami ko ƙwaya ɗaya ba, sai madararta a ƙoƙo. Amma ran nan ne ta fara bin balan-balan da ido, ta miƙa hannu. Duk wanda ya yi aikin tamowa ya san darajar wannan. Sa'anda yaro ya fara kula da abin da ke kewaye da shi, ya kama hanya.

Sai dai kakar ta fara maganar tafiya. Ta baro jikoki biyu a hannun maƙwabciya, ga dawarta ba a sussuka ba. Uwargida ce kaɗai take iya lallashinta. Saura kwana huɗu mu tashi, muna gudu, uwargida ta ce ita ba za ta je ba, in ta juya baya tsohuwar za ta ɗauke yarinyar. Maigida ya ce akwai nas tara a ɗakin ban da mu. Ta ce ba su san tsohuwar ba. Muka yi ta jayayya har muka wuce kwanar gida ba mu sani ba. Da dare 'yarmu, wadda ashe ta ji komai a wurin cin tuwo, ta ce, "Mama, mu ma sai mun kwanta a asibiti kafin ku zauna da mu?" Ba wanda ya amsa. Kashegari muka fara ɗaura kaya.

A nan ya kamata mu faɗi gaskiya a kanmu. Son yara ne ya sa muka yi ta ɗaga hutu, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai kuma wani girman kai da ke raɗa wa ma'aikaci cewa in ba ya nan kome zai lalace. Ya daɗe a cikinmu yana sanye da rigar himma.

Muka ari motar ƙanen maigida. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 tafiya ta zama abin lissafi, a ƙarshen 2024 kuwa lita ta haura naira 1,000, don haka kuɗin adashin uwargida ne ya sha man. Daga Jos zuwa Bauchi wajen kilomita 130 ne, hanya tana gangarowa, kafin mu kai Nabordo kowa ya tuɓe rigar sanyi. Daga Bauchi muka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima muka ratse dama zuwa ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar ma akwai wajen kilomita 40 cikin daji kafin a kai masauki. An keɓe dajin nan tun 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 2,200.

A bakin ƙofa 'yarmu ta karɓe wayoyinmu duka biyu, ta sa a jakarta. Sharaɗinta shi ne kira ɗaya a rana, bayan abincin dare.

Giwa dai ba mu gani ba, sai sawunta da kashinta a gefen kogin Gaji. Mun ga gwanki da mugun dawa da birai ba iyaka. Wani ƙaton bika ya fizge burodi daga hannun ɗanmu, ya hau rufin ɗaki ya ci a gabansa, har yau shi ne babban labarin tafiyar. Amma abin da ya kama mu shi ne ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, garau, ana ganin yashi a ƙasa, ɗuminsa kuwa digiri 31 ne dare da rana. Muka shiga da hantsi, muka shiga da yamma. A rana ta biyu maigida ya yi barcin awa 11. Ba mu san yawan gajiyar da muke ɗauke da ita ba sai da muka sauke ta. A rana ta uku muka manta da kiran asibiti, sai da safe muka tuna.

Da muka koma aiki, wani yaro ne a gado na 7. Abin da uwargida ta ji tsoro ya faru, kakar ta tafi kwana uku kafin ranar da likita ya so. Amma ƙaramar nas ɗin nan, da ta ga ba za a iya tsare tsohuwar ba, ba ta yi mata faɗa ba. Ta kira likita, aka tabbatar kumburin ya sauka, aka gwada yarinyar da abincin tamowa na cikin leda, ta ci. Plumpy'Nut ke nan, haɗin gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki, leda ɗaya giram 92. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, a yunwar Nijar ta 2005 kuwa aka ga amfaninsa sosai a wajen Maraɗi, gama ba ya bukatar ruwa ko wuta, uwa tana iya ba ɗanta a gida. Ta ƙirga wa kakar na mako biyu, ta rubuta lambar wayar wani ɗan acaɓa na ƙauyensu, ta sa ranar dawowa ta dace da ranar kasuwa. Wannan dabara ta ƙarshe, mu da shekarunmu ba mu taɓa tunaninta ba.

Ranar kasuwa ta zo, ba su zo ba. Uwargida ba ta ce kome ba, amma da asuba ta yi gudun da maigida ya kasa binta. Sai kasuwa ta gaba ga su a kan babur, da ƙwai shida a cikin kwano. Yarinyar ta ƙaru, amma ba kamar yadda ya kamata ba. Muka tambaya, kakar ba ta ɓoye ba. Ta ce, "'Yata, yaya zan ba ɗaya, biyu suna kallon bakinta?" Mun san abin da littafi ya ce, magani ne, ba a rabawa. Mun faɗa mata, muna jin nauyin faɗar. Sa'an nan muka zauna muka lissafa abin da ke gidanta. Tana da gyaɗa, tana da waken soya kaɗan, da zogale a shinge, da kaji uku. Muka nuna mata yadda za ta haɗa kunu mai kauri da garin gyaɗa da soya da ɗan manja domin sauran biyun, ta bar wa marar lafiya ledarta. Ƙwan kuma muka karɓi biyu don kada ta ji kunya, muka ce huɗun na jikoki ne.

Sun zo sau uku bayan wannan. Zuwan ƙarshe cikin Maris 2025 ne, tsinin awo ya tsaya a kan kore, yarinyar tana dafa benci tana takawa, ta kuma ciji maigida a yatsa. Tun daga nan ba mu sake ganinsu ba. A aikinmu shiru yakan zama labari mai kyau, ko da yake ba kullum ba.

'Yarmu ta fara bin mu gudu ran Asabar, tana kuwa riga mu isa tafki. Takalmin maigida na hagu ya buɗe baki, an kai wa mai gyara sau biyu. Hutu na gaba kuma an riga an rubuta shi a kalandar ɗakin girki. 'Yarmu ce ta rubuta, da biro, ta ce fensir yana gogewa.